Gishirin da na hana ka

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Tela, ɗan Damagaram mazaunin Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ka koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin yalwa da sanyi a makwancinka. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da ciwon gwiwa, kuma tun bara take zaune wurina a Talaje. Keken ɗinkinka ma yana nan a ɗakin baƙi, an lulluɓe shi da zane.

Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Na zauna rubuta ta ne saboda akwai wata magana da ka sa ni in fassara maka ina yarinya, na fassara ta a juye, kuma sai cikin makon nan na san yadda ka yi da kuskurena. Duk wanda ya leƙo ya karanta, bismilla, ban hana ba. Amma da kai nake, Baba.

Ka tuna shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu? Shagonka na bakin kasuwa bai taɓa cika irin na lokacin ba. Makarantu suna son tuta, sababbin ma'aikata kowa yana son kwat irin ta Nasaran da ke barin ƙasar. In na taso daga lakkwal, wato makarantarmu ta boko, nakan biyo ta wurinka in tarar da kai cikin tulin yadi ruwan lemo da fari da kore, metir ɗinka na awo a rataye a wuya, ƙafarka tana taka keke ba hutu. Shekaruna goma sha biyu, kuma a ganina babu wanda ya kai ka muhimmanci a ƙasar nan, tunda tutar ma sai da ta bi ta hannunka.

A gabana ka fara faɗuwa. Ka miƙe daga kan keke za ka auna kafaɗar wani mutum, ka ɗaga hannu, sai kawai ka sulale kan yadi. Kafin a kawo ruwa har ka buɗe ido, kana kwance kana tambayar me ya tara mutane. Ka ce duhu ne ya rufe maka ido, wuyanka ya yi nauyi, daga nan ba ka san komai ba. Aka ce gajiya ce. Kai ma ka ce gajiya ce, ka tashi zaune ka ƙarasa awonka.

Amma abin bai bar ka ba. In kana kwance lafiyarka ƙalau, in kana zaune da sauƙi, da zarar ka miƙe sai jiri ya kwashe ka. Da safe ya fi tsanani, haka ma in ka ci tuwo ka ƙoshi. A masallaci ka faɗi sau biyu wajen tasowa daga sujada, har liman da kansa ya ce ka riƙa salla a zaune. Na ga yadda wannan ya yi maka ciwo, ko da yake ba ka faɗa ba.

Inna ce ta fara lura da maganar gumi. Ta ce ta wanke rigunanka na sati guda, babu wadda ta yi warin mutum. Ga bazarar Yamai, kowa sharkaf, kai kuwa goshinka a bushe, jikinka zafi rau kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Sai ka riƙa jiƙa hula kana ɗorawa a ka. Abokanka teloli suna tsokanarka wai ka zama babban mutum, ka daina gumi.

Kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce iska ce, wasu farfaɗiya, wasu suka rantse sammu ne daga masu jin haushin cinikin tuta. Ka sha rubutu, ka yi hayaƙi. Muka je Saga wurin wani tsoho mai saiwoyi, muka bi ta gefen fadamun shinkafa, kana tafiya kaɗan kana tsugunnawa kamar mai duba shuka, don kada masu wucewa su gane. Ni na gane, na riƙa tsugunnawa tare da kai ina nuna maka tsuntsaye.

Abin da ya fi ba ni dariya har yau shi ne yadda ka sake tsarin awo. Tunda ba ka iya tsayuwa, sai ka ce mai kaya ya sauko. Babban ma'aikaci da takalminsa mai ƙyalli, ka ce masa, “Ranka ya daɗe, durƙuso, telan nan ba ya tashi.” In ya fita ka dube ni ka ce ai yanzu ka yarda an samu 'yanci, da mu ke durƙusa wa akawu, yau ga akawu yana durƙusa wa tela.

Cikin wannan hali ne Gwaggo Hajara, yayarka, ta zo daga Damagaram dubiya. Ta ga Inna da aiki ya yi mata yawa, ga ka ba lafiya, ga ni kullum da jakar littattafai. Ba ta ɓoye ba. Ta ce a cire ni daga lakkwal in zauna gida in kama wa uwata, me karatun Nasara zai tsinana wa 'ya mace, gidan ubanta yana neman hannu. Kai ba ka iya yi mata musu, ita ta goye ka. Abin da ka ce kawai shi ne a bari ka je asibiti ka dawo tukuna.

Da ni ka tafi. Da muka shiga wurin lokotoro, wato likita, Bature dogo mai gemu, sai ga tafintan asibiti ya matso zai yi aikinsa. Ka ɗaga masa hannu ka ce, “Huta, na zo da tawa.” Har yanzu ina jin yadda ƙirjina ya cika a lokacin. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ɗin ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wanda ya biyo bayansa ba.

Lokotoron ya ɗaura maka abin awon jini a hannu kana kwance, ya rubuta. Ya sa ka zauna, ya rubuta. Ya sa ka miƙe, yana riƙe da kai, ya auna, ya ɗaga gira, ya sake aunawa har ka fara lilo ya kwantar da kai. Ya shafa goshinka da hammatarka, ya duba idonka. Sannan ya juyo gare ni ya fara magana.

Baba, ban ji ba. Faransancin da na sani na Mushe ne, malaminmu, wanda yake jan kowace kalma yana rubutawa a allo. Wannan kuwa magana take zubowa ta cikin gemu, ba waƙafi. Kalma uku na tsinta: tansiyo, gishiri, ruwa. Na kuma gane ya ce ba a san abin da ke kawo ciwon ba, don ya buɗe tafin hannunsa biyu ya ɗaga kafaɗa. Ya tambaye ni ko na fahimta. Tafinta yana tsaye a bakin ƙofa, taki uku tsakanina da shi. Na dube ka, na ga yadda kake kallona, sai na ce na fahimta.

Sauran na cike da kaina. Akwai maƙwabciyarmu mai tansiyo, duk unguwa an san an hana ta gishiri. A wurinmu tansiyo guda ce, hawan jini, ban taɓa jin cewa jini yana iya faɗuwa ba. Sai na ce maka lokotoro ya ce kana da tansiyo, a daina sa maka gishiri ko kaɗan, ka riƙa shan ruwa. Ya ba mu takarda biyu, ɗaya ta magani, aka karɓe ta a kantin magani, ɗaya ta abin da za a kiyaye a gida. Ka miƙo mini ta biyun a hanya. Rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa, ko kalma ɗaya ban iya fitarwa ba. Na dube ta sama da ƙasa na ce maka ai abin da na faɗa ne aka rubuta.

Da muka iso gida ka sa aka shimfiɗa maka tabarma a tsakar gida, ka kira Gwaggo. Ka ba ta labari ka ƙara masa kitse: wai Bature ya yi ta zuba, Lami tana mayar masa, tafinta ya koma gefe ya riƙe baki. Ka ce ciwon da malamai da masu saiwa suka kasa gano sunansa, yarinyar nan ta karɓo shi daga bakin Nasara ta kawo gida. Gwaggo ta daɗe tana kallona, ta ce to, Allah Ya yi albarka. Ba ta ƙara tayar da maganar cire ni ba har ta koma.

Daga ranar Inna ta shiga ɗora tukunya biyu, tamu da taka. Da ka kai lomar farko baki ka yamutsa fuska ka ce, “Lami ta sa ni cin lami.” Gidan duka aka yi dariya, maganar ta bi ni har kasuwa. An sa mini Lami don an haife ni ran Alhamis, amma teloli suka ce ashe tun ran suna ka san abin da zan ciyar da kai.

Ni kuwa na ɗauki aikin da gaske, na zama ɗan sandan gishiri. Da yamma sai na ɗanɗana miyarka kafin a kai maka. Na hana ka kilishi, na hana ka gyaɗa mai gishiri, na hana ka soyayyen kifin bakin kogi da kake so. Ka sa mini suna Lokotoro, ni kuma ina jin kaina.

Wata rana na biyo ta shago, na ja aljihun keke ina neman alli, sai ga dunƙulen gishirin Balma, gefensa ya yi sumul saboda lasa. Na ɗaga shi sama a gaban mutane. Na yi maka faɗa, ni 'yar shekara goma sha uku, na ce so kake ka mutu ka bar mu. Ka sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunya, ka ce, “Na tuba, Lokotoro.” Na fita da shi na jefa a kwata. Wannan ranar ita ce ta fi ci mini rai a duk abin da zan rubuta.

Ba ka ƙara tafiya da ni asibiti ba. Ka ce kada in riƙa rasa darasi, Malam Amadu zai raka ka. Malam Amadu akawun nan Bazabarme ɗan Saga, mai kawo maka ɗinki, wanda ya fi kowa daɗewa a kan bencin shagonka. Ban kawo komai a raina ba, har na ji daɗi ma, don ba na son in sake tsayawa gaban gemun nan.

Shekara huɗu ka yi da ciwon. A hankali ya riƙa cin ƙasa: daga tsayuwa ya koma hana ka dogon zama, cikinka ya daina aiki daidai, fitsari ya zama wahala, muryarka ta yi ƙasa. Aka dawo da keke gida, daga baya aka rufe shi. Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar koyon jinya kana kwance, ka sa aka ɗora maka takardar a ƙirji tunda ba ka iya tashi ka karɓa. Bayan wata biyu ka cika, da la'asar, Inna tana yi maka fifita.

A shekarata ta biyu a makarantar na gamu da ciwonka a littafi. Ashe a jikin mutum akwai jijiyoyin da ba sa jiran umarninsa. Su ke matse hanyoyin jini in ya miƙe don kada jinin ya zube ƙafa ya bar kai, su ke buɗe ƙofar gumi, su ke tura abinci a ciki. A wasu mutane sai su yi ta mutuwa a hankali, ba a san dalili ba, ba a kuma san abin da ke tsayar da su ba. Na karanta ina ganinka layi bayan layi. Sai na zo inda aka ce irin waɗannan jininsu faɗuwa yake yi, don haka a ƙara musu gishiri da ruwa, a ɗaga musu kan gado. Na rufe littafin. Na gaya wa kaina wataƙila naka daban ne, wataƙila lokotoron hanawa ya yi da gaske. Na sani tun ranar, Baba, ƙin sani na yi. Ban gaya wa kowa ba, har na yi aure na haifi jikokinka uku.

Ran Litinin da ta wuce ina wurin aiki aka shigo da wani tsoho mai ciwon kai. Sai da ya ce mini fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, da muryar nan tasa na gane Malam Amadu ne, ya yi furfura fat. Na auna shi, jininsa ya hau sosai, tansiyo ta gaske. Na fara yi masa bayani yadda muka saba, na ce abu na farko sai ya rage gishiri. Mutumin nan ya kama dariya har abin awon ya zame daga hannunsa. Ya ce, “Ke Lami, har yanzu ba ki daina hana mutane gishiri ba?”

Da ya ga fuskata sai ya daina dariyar. Ya ce ya ɗauka ka gaya mini kafin ka rasu. Ya ce kwana uku da zuwanmu asibiti ka ba shi takardar nan ya karanta maka, ya zauna ya warware ta kalma kalma, ya ce maka yarinya ta juya magana, cewa aka yi a ƙara maka. Sai ka tambaye shi ko yayarka ta hau mota. Ya ce tana nan. Ka ce to maganar ta tsaya tsakaninku, in Gwaggo ta ji, gobe Lami ba ta lakkwal. Bayan ta tafi ya ce maka yanzu sai a faɗa. Ka ce a'a, labari yana zuwa Damagaram da ƙafarsa, kuma yarinyar da ta tsaya gaban Nasara ba ta yi kuka ba, ba kai za ka karya mata gwiwa ba.

Ya ce shi ke kawo maka gishirin, a cikin yadi yake naɗo shi. Wanda na jefa a kwata ma nasa ne, washegari ya kawo wani. Teloli duka sun sani. Masu tsokanata da Lami mai lami, su ke sayo maka kilishi suna gadin hanya, in sun hango ni da jaka su yi tari. Ni ina tafe ina taƙama, ashe kasuwa guda ta haɗa baki tana riƙe mini asirina.

Na dawo gida na yaye zanen da ke kan kekenka. Tun rasuwarka ban ja aljihun nan ba. Can ƙarshe, bayan kwarkwaron zare da guntayen alli, na tarar da takarda a dunƙule. Na buɗe, sai ga ragowar gishiri kamar ƙwayar dabino. A cikin takardar lokotoro ka naɗe shi. Ta yi rawaya, tawada ta koɗe, amma yanzu shekara da shekaru ina karanta rubutun likitoci, ban sha wahala ba.

Na ɗauka na je wurin Inna, tana zaune tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaya mata duka, na ce ta yafe mini, shekaru na sa ta ɗora tukunya biyu a banza, na sa ta ba mijinta abin da ba ya yi masa amfani. Ta ajiye faifan. Ta ce in sake faɗa, ƙarawa aka ce ko ragewa. Na ce ƙarawa. Sai Inna ta fashe da kuka irin wanda ko ranar jana'izarka ban ga ta yi ba.

Baba, ashe ita ma tana sa maka. Ba ta san da wata takarda ba, tausayi ne kawai. Ta ce in ta ga ka tura kwano gefe sai zuciyarta ta kasa, da rana in na tafi lakkwal ta ɗebo da yatsa uku ta barbaɗa a miyarka, ta yi istigfari. Kai kuma ka ci ka yi shiru, ba ka taɓa ce mata ka ji ba. Da ka rasu sai ta ƙudurta a ranta cewa ita ta kashe ka, ta saɓa wa lokotoro da hannunta. Tun daga ranar ba ta taɓa yin salla ba sai ta nemi gafarar wannan. Muna gida ɗaya, ina kwana da nawa, tana kwana da nata.

Nan kam zan yi maka faɗa, ko da ba ka nan ka sunkuyar da kai. Da ka gaya wa Inna. Ka tsare ni, ka manta da ita, ka bar ta da kaya mai nauyi shekaru masu yawa. Na gaya mata da bakin ma'aikaciyar jinya cewa yatsunta ukun nan su ne maganin da aka rubuta maka, kuma wataƙila su suka ba ka ƙarfin zama a kan keke wasu watanni. Na gaya mata ciwon ba gishiri ya kawo shi ba, ba kuma gishiri zai hana shi kai ka inda ya kai ka ba. Har yau masana ba su san mafarinsa ba. Ta saurara, ta share ido, ta ce a ba ta guntun gishirin. Yana ƙulle a bakin zanenta yanzu.

Ni kuma ban san ko nawa ne na rage maka na kwanakin jin daɗi ba. Safiya nawa ka tashi da jirin da kofin romo mai gishiri zai rage, ka sha kunu lami saboda ina tsaye a kanka. Wannan ba zan taɓa sani ba, kuma na daina neman wanda zai ce mini babu komai. Abin da na sani shi ne duk mai ciwon da na tsaya a kansa, duk tsohuwar da na ce wa likita ya maimaita mata magana a hankali, daga shirun nan naka suka fito. Ban taɓa barin wani ya ce ya fahimta ba sai ya maimaita mini abin da ya ji.

Ga takardarka, Babana, yau zan karanta maka ita yadda take. Ta ce jininka yana faɗuwa in ka miƙe, ba a san dalili ba. Ka tashi a hankali, ka zauna bakin gado tukuna. Ka guji rana. Ka sha ruwa da yawa. A ɗaga maka wajen kai in za ka kwanta. Layi na ƙarshe an ja masa layi biyu a ƙasa: a ƙara masa gishiri a abinci.

Ka yafe mini. Na san ka riga ka yafe tun kafin in san na yi laifi, amma ina so in roƙa da bakina.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa yadda ka rufa mini nawa. Ya tashe ka a ranar da ƙafafu masu ƙarfi, ka miƙe tsaye ba jiri, ba duhu a ido. Ya ba Inna sauran kwana cikin natsuwa, Ya ba Malam Amadu lafiya, Ya haɗa mu a gidan da ba a hana kowa komai. Amin.

Yau Inna ce ta yi miyar kuka, tukunya ɗaya, ta ce in ɗanɗana in gaya mata ko ya ji. Ya ji, Baba.

Taka har abada,
Lami, Lokotoronka.